Wa Ke Tone Kubewar Jatau?

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani mutum ne wai shi Jatau, yana zaune da matarsa Lantana da yayarsa Tabawa. Suna da lambu a bakin rijiya, da irin kubewa cikin gora, wanda uwar su Jatau ta bari. In irin nan ya ƙare, shi ke nan, babu kamarsa a garin. To, bazara ta shigo ta tarar da su suna gaba, a kan guga kawai! Ko sannu ba mai ce wa wani.

Da sassafe Jatau ya ɗebi iri ya shuka, ya ba da ruwa. Da hantsi Lantana ta zo ta ce, "Ji malalaci, ya jiƙa ƙasa bai shuka komai ba!" Ta kafce ta shuka nata. Da la'asar Tabawa ta kafce ta shuka nata. Kaza kuwa na bin bayan fartanya tana tsince iri.

Washegari Jatau ya ga wuri a tone. "Kai! Wa ya yi wannan?"

Kwaɗon rijiya ya ce, "Tambaya a gida."

Jatau ya ce, "Ni? Allah ya kiyaye!"

Kaza ta ce, "Aljanu ne, maigida. Ƙara iri."

Ya kafce ya ƙara, ya rataya laya. Lantana ta zo ta ga laya, ta ce, "Wannan fa?" Kaza ta ce, "Aljanu ne, uwargida." Ta sake shuka, ta barbaɗa toka. Tabawa ta ga laya da toka, ta dafe ƙirji. Kaza ta ce, "Aljanu ne, Gwaggo." Ita ma ta sake, ta kafa tsumma a sanda.

Ke Ladiyo, daina dariya, haka kike yi da ƙanwarki!

Kwana bakwai ana haka. Ba tsiro, kowa ya ruɗe, kaza sai sheƙi take. Ran na takwas su ukun suka yi karo a kan gora, aka zazzage, ƙwaya uku suka faɗo.

Tabawa ta fashe da kuka. "Wayyo irin Inna! Ni da nake shukawa kullum!"

Lantana ta ce, "Ke? Ai ni ce!"

Jatau ya ce, "To ni fa, me nake yi?"

Kwaɗo ya ce, "Tun farko na ce ku tambaya a gida."

Kunya ta rufe su. Suka kife kaza da kwando, kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya, suka shuka tare. Guda ɗaya tak ta fito. Ko miya ba su yi da ita ba a shekarar, sai suka bar ta ta bushe don iri.

Kun ji ko? In kuna gida ɗaya ba ku magana, da hannunku za ku tone abin da kuka shuka.

Ƙungurus kan kusu, a tashi haka nan.