Tekun Baba Jatau

An yi wani mutum, marini, a wani gari na bakin layin dogo, tun zamanin da jirgi ke zuwa a kan lokaci. Jatau sunansa. Ku saurara. Ke Hajo, ajiye gulmar nan, ba inda za ta, ni ma zan zo a yi da ni.

Bawan Allahn nan ba shi da komai sai ramin rini da hannuwa shuɗɗa har gwiwa. Abu guda ya mallaka mai daraja, farin alawayyo da ya saya tun da ƙarfinsa, ya naɗe a adaka da turare. Likkafaninsa ke nan. Haihuwa Allah bai ba shi ba, to ya ce kada ranar ta zo a rasa mai saya masa.

Bayan marinarsa akwai makarantar boko, 'ya'yan ma'aikatan jirgi cike, Hausawa, Yarabawa, Ibo, Nufawa, kullum dambe. Malamarsu, Uwani, ta gaji, ta ce kowane yaro ya karɓo ƙyalle a gida ya yanka siffar ƙasa guda, a haɗa duniya a ga ko za ta zauna lafiya. Wata mai akwatuna har rufi, tsumman goge tukunya ta bayar, shi ya zama Faransa. Ba zan faɗi sunanta ba, jikarta na cikinku.

Aka shimfiɗa ƙasashe a tsakar makaranta. Iska ta taso ta kwashe Masar, akuya ta tauna rabin Indiya, yara suka kaure, kowa na cewa ƙasar wane ce ta hau tasa. Malama ta ce sai an samu babban shuɗin ƙyalle, teku, a ɗinke kowace ƙasa a kai. Aka bi gida gida, kowa ya ce maigida ba ya nan.

Jatau na jin kukansu ta kan katanga. Sai wata 'yar ƙarama, Nkechi, ta leƙo ta ce, "Baba, kai da kake da shuɗi haka, ba ka da teku?"

Ya shiga ɗaki ya buɗe adaka, ya daɗe tsaye. Ya fi kowa sanin abin da ya shiga ramin rini ba ya komawa fari. Matarsa Kande ta riƙe bakin ƙyallen, ta tambaye shi in ya mutu gobe da me za a rufe shi, ko so yake a yi da ita a gari.

Ya ce, "Kande, Wanda zai ɗauki raina Ya san na bayar."

Ya tsoma, ya tsame, ya tsoma, ya tsame, har ya yi shuɗin da bai taɓa yi wa mai saye ba. Yara suka zauna gwiwa da gwiwa suna ɗinki, wannan na riƙe wa wancan ƙasarsa. Ranar da aka rataye taswirar a makaranta, Jatau ya tsaya can baya yana kallo, bai ce ƙyallensa ne ba.

Ku saurara fa. Damina ba ta fita ba ya kwanta, da hantsi ya cika. Kande ta buɗe adaka wayam, ta fashe da kuka, ta faɗi inda alawayyon ya tafi. Kun san bakinmu mata. Kafin a gama haƙa kabari magana ta kai makaranta.

Sai ga yara a jere, kowa rungume da farin ƙyalle, iyayensu na biye. Mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, duk ga su a ƙofar marini. Har mai tsumman nan, sabon bandir na farin yadi ta aiko. Liman ya duba tulin, sai hawaye. Aka suturta Jatau, saura kuwa aka yi ta rufe matalautan garin da shi shekara da shekaru. Allahu Akbar.

To jama'a, abin da ka ba Allah da hannu biyu ba ya barinka a tsiraice, ko da shi ne na ƙarshe a adakarka. Mu kuma yaro ya zo roƙon allura mu ce ta ɓata. Kowace ta koma ta buɗe akwatinta yau, ta dubi abin da take wa gadi, ta tambayi kanta wa take ajiye wa. Allah Ya sa mu cika da kyau.