Bushiya da Shanun Tururuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ku ce, ta zo mu ji ta.

Bushiya ce ta shuka kankana a bakin fadama, da kabewa a gefe. Sai Tururuwa ta zo ta ce, "Yaya Bushiya, ara mini inuwar ganye in yi kiwon shanuna."

"Ina shanun?"

"Ƙanana ne, ko ciyawa ba sa ci."

"To, shiga."

Bayan kwana goma, sai sabon ganye ya yi dabbare-dabbare, nan kore, nan rawaya. Bushiya ta kasa zama. Ta ruga wurin Kwaɗo. Ko leƙawa bai yi ba, ya ce, "Ƙishirwa ce." Ta yi ta jidar ruwa har ƙafafunta suka kumbura. Sai ganye ya yamutse.

Ta ruga wurin Buzuzu. Ya ce, "Yunwa ce, zuba taki." Ta zuba. Sai 'ya'yan kankanar suka fito da ƙuraje, kabewa ma ta kamu.

Ta ruga wurin Hawainiya. Hawainiya ta ce, "Sai na gani da idona." Ta taho a hankali. Sau uku Bushiya ta je gona ta dawo, Hawainiya ba ta iso ba.

Da ta iso ta duba, sai ta ce, "Ganye mai ƙishirwa langaɓewa yake da rana, ya miƙe da yamma. In yunwa ce, tsohon ganye ke fara rawaya, bai ɗaya. Wannan sabo ne, ga zane, ga murɗewa. Juya shi."

Bushiya ta juya. Sai ga darɓa, ƙwari 'yan mitsi-mitsi, cunkus, Tururuwa tana lasar zaƙin da suke fitarwa.

Hawainiya ta ce, "Ga shanun. A bakinsu cutar take yawo: su tsotsi mai ciwo, su tsotsi mai lafiya. In ta shiga jikin shuka ba ta fita. Tuge duk wadda ta kamu, ki binne."

"Har babbar can mai 'ya'ya biyar?"

"Da ita za ki fara."

Tururuwa ta ce, "Haba Yaya, a bari a ga gobe mana!" Bushiya ta miƙar da ƙayoyinta, sai Tururuwa ta arce.

Bushiya ta tuge kunya bakwai tana hawaye, ta yayyafa ruwan darbejiya a sauran. Kunya uku kacal suka tsira, da su ta ciyar da 'ya'yanta a ranin nan.

Ku yara, in shuka ta sauya kama, ku duƙa ku juya ganye kafin ku nemi magani.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan.