Ranar da Gyaren Bishiya Suka Kai wa Hankaka Shaidu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnenmu na nan.

Kun san gyaren bishiya, mai ƙarar nan da tsakar rana har kunne ya yi zafi? Ba banza yake ihu ba, zaluntarsa aka yi.

Tsamiyar bakin rafi tasu ce tun kaka da kakanni. Uwa ta yi ƙwai a reshe, 'ya'ya su faɗo, su nutse ƙasa, su yi shekara goma sha bakwai suna tsotson saiwa. A garin tsuntsaye kuwa doka ce, wurin da aka yi damina uku ba a ga mai shi ba ya zama na alƙali. Alƙalin kuma Hankaka ne. Ya leƙa tsamiya, ba kowa, ya tare da iyalinsa.

Da lokacin fita ya yi, Tambai, babbar gyaren, ta aiki ƙanenta Nomau. Ya huda ƙasa, ya hau gindin tsamiya, ya tuɓe tsohuwar fatarsa ya bar ta maƙale, ya ce, "Allah ya gafarta malam, gidan nan namu ne."

Hankaka ya ce, "Ina shaidunka?"

"Suna ƙarƙashin ƙasa."

"Matso, ba na ji sosai."

Ya matso. Caraf, ya haɗiye shi.

Tambai ta aiki Jatau. "Matso." Caraf. Ta aiki Korau. "Matso." Caraf. Masu ƙara uku, loma uku, kuma a zauren shari'a. Wallahi ni kaina in na zo nan raina ɓaci yake.

Tambai ta tara dangi ta ce, "Kalaci muke aika masa ɗaya bayan ɗaya. In mun fita, 'yan makonni ne gare mu a duniya. In ba mu yi ƙwai a reshen nan ba, zuriyarmu ta ƙare. Shaidu yake so, mu kai masa duka."

Wata ta ce, "Yaya, cinye mu zai yi."

"Zai ci wasu. Ciki nawa gare shi?"

Ruwan farko ya sauka, gari ya waye, ƙasa ta huhhuje kamar rariya. Gyare ta nan, gyare ta can. Hankaka ya kira dangi. Suka ci, suka ci, suka ci, har fiffike ya kasa ɗaga mai shi. Gyare kuwa kamar ba a taɓa ba.

Mazan suka saki ƙara gaba ɗaya. Tambai ta tako har gaban bakin Hankaka ta ce, "Allah ya gafarta malam, ga shaidu. In matso?"

"Ja baya, baiwar Allah, na ji, na ji."

"Ba ka ji ba tukuna. Dubi gindin nan."

Fatu uku busassu suna maƙale, na Nomau da Jatau da Korau. Babban banza ya sunkuyar da kai, ya ja ciki ya bar tsamiya a ƙafa, tun da tashi ya gagara.

Tambai ta hau reshen da ke saman fatun nan uku, ta yi ƙwanta, ta faɗo ta mutu. Shi ya sa har gobe jikokinta rana ɗaya suke fitowa, suna ihu.

Ƙurunƙus, na ajiye ta a gindin tsamiya. In za ku kai ƙara gaban azzalumi, kada ku tura mutum ɗaya.