Kwalaben Cikin Firij

Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya. Mace ce mai kirki, amma fa akwai baki, kuma idan ta ce ta gane abu, ko da gatari ba ka cire mata shi a kai.

Ɗanta ɗaya ne, Auta, mai gyaran fanka da injin ruwa. Matarsa tana koyarwa a makarantar yara, shi ya sa ake ce mata Malama. Shekararsu goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Duk zuwan da Iya za ta yi sai ta yar da magana.

"Malama, 'ya'yan mutane dai kike ta reno? Namu fa, suna cikin allo?"

Malama ta yi murmushi ta ce, "Iya, a taya mu da addu'a."

Wata rana ciwon ƙafa ya kawo Iya gidan, ta yi kwanaki. Da yamma ta zo wucewa ta ƙofar ɗaki, iska ta ɗaga labule. Sai ta hango Malama ta matse fatar cikinta, ta soka wa kanta allura, tana cije leɓe.

Iya ta ja da baya. Ta tuna wata maƙwabciyarta ta taɓa ce mata 'yan boko allura suke yi don kada su haihu jikinsu ya lalace. Washegari ta sake leƙawa, ta ga an kuma.

Ba ta tambayi kowa ba. Ai ta gane.

Da safe Auta ya tafi shago, Malama ta tafi makaranta. Iya ta buɗe firij, ta ture gorunan ruwa. Can ƙurya ta sami wata roba mai murfi, cikinta ƙananan kwalabe kamar ɗan yatsa. Rubutun jikinsu bai ce mata komai ba, don ba ta yi karatu ba. Ta kai su bakin magudanar ruwa, ta sa dutse ta farfasa su ɗaya bayan ɗaya, ta kora da ruwa. Ta wanke hannu tana cewa, "Yau ƙarya ta ƙare."

Kafin magariba Malama ta buɗe firij. Ta fito da komai ta zube a ƙasa, ta sake dubawa. Ta fito tsakar gida ba ɗankwali.

"Iya, don Allah, kin ga wata roba?"

"Na gani, na fasa. Shekara goma sha ɗaya kina toshe wa ɗana zuriya, kina ce mini in yi addu'a. Munafuka!"

Malama ba ta yi ihu ba. Sai kawai ta zauna a ƙasa. Daidai nan Auta ya shigo. Da ya ji abin da ya faru, jakar kayan aikinsa ta suɓuce.

"Iya, kin kashe mu. Allurar neman haihuwa ce! Dashen ciki za a yi mata. Likita zai ciro ƙwanta, a haɗa da nawa a asibiti, a mayar mata a mahaifa. Shekara uku muna tanadi. Ta yau ce allurar ƙarshe, kuma tana da sa'arta."

Iya ta ce, "To me ya hana ku faɗa mini?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Saboda matsalar daga gare ni take. Tun shekarar fari likita ya ce ita lafiyarta ƙalau, ruwana ne ba ƙarfi. Ita ta ce kada in faɗa, gara a zage ta da a nuna ni da baki. Ni kuma, ragon banza, na yi shiru ina jin kina yankarta."

Ya hau babur ya zagaye kemis-kemis, babu mai irinta. Asibitin kuwa tafiyar yini ce. Da suka isa washegari, likita ya duba ya ce lokaci ya wuce.

Iya ta je ta durƙusa a gaban surukarta da wannan ƙafar mai ciwo.

"'Yar nan, ki zage ni. Ki rama ko ɗaya."

"Tashi, Iya, ƙafarki. Jika kike so, ni ma shi nake so. Ko da an yi, Allah kaɗai ya san ko zai zauna."

Wallahi da mari ta yi mata da ya fi sauƙi.

Sai bayan shekara biyu suka iya sake gwadawa. Iya ta sayar da 'yan kunnenta na aure ta ƙara musu. Ita ta rungume kular ƙanƙarar da aka sa alluran a ciki, a cinyarta a mota har gida, in direba ya taka rami sai ta ce, "Kai, a hankali, jikana ne a nan!"

Amma shekaru ba sa jiran kowa. Likita ya ce ƙwan Malama ya yi ƙaranci. Guda ɗaya aka samu, aka dasa, bai zauna ba.

Ranar da sakamako ya fito, Malama ce ke share wa Iya hawaye.

Tun daga nan Iya ta zama katangar Malama. Duk wadda ta zo da "Har yanzu shiru?", Iya ce ke tare ta tun daga ƙofa.

"Ni za ki tambaya. Ni na fasa jikana da dutse. Kina da sauran magana?"

Da Iya ta kwanta ciwon ajali, Malama ce ke juya ta, ita ke ba ta ruwa a cokali. Ruwan randa, don tun daga waccan ranar Iya ba ta ƙara buɗe firij ba, ba ta ƙara shan ruwan sanyi ba. Kalmarta ta ƙarshe ga Auta ita ce, "Ka riƙe mini 'yata."

Darasi: 'Ya'yana, ganin ido ba sani ba ne. Kafin ka ɗauki dutse, buɗe baki ka tambaya. Rashin haihuwa ba laifin mace ba ne, sau da yawa ma wadda kuke zagi asirin ɗanku take rufewa. Ku kuma maza, kada ku bar mace ta ɗauki zagin da ba nata ba. Ku tura wa iyaye da surukai su karanta, ko wata ta ajiye dutsenta.