Ruwan Petru da Uwar Abdulghani

Akwai wani mutum a Jidda, wajen shekarar 2008, sunansa Abdulghani. A Balad, tsohuwar unguwar Jidda, aka haife shi, iyayensa Hausawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Uwarsa Inno tana kiransa Ubale. Amma in kana son ka ga fuska ta yamutse kamar an shaƙa masa warin kwata, to kira shi da wannan sunan a cikin mutane.

Direba ne a wani kamfanin gyaran lifta, na'urar hawa bene, a unguwar Sharafiyya, shi ke tuƙa mai kamfanin, Shaikh Othman. A can ya gaya wa kowa cewa shi ɗan gidan Larabawan Makka ne, rana ce kawai ta gasa shi. In Bahaushe ya ce masa sannu, sai ya yatsine ya ce "Esh?", wato "Me?" da Larabci, kamar an yi masa yaren aljanu. Ni da nake ba ku labarin nan mun sha cin tuwo a kwano ɗaya da shi, har yana tanɗe yatsa. Tir!

A kamfanin akwai ma'aikata Turawa daga ƙasar Sabiya. Kada ku tambaye ni taswira, ni da makaranta mun rabu tun aji biyu na sakandare, kuma har yau malamai ne ke murna. Amma kunnena ba ya barci.

Cikinsu akwai wani mai suna Petru. A iƙamarsa, wato katin izinin zama, an rubuta Petar, irin sunan Sabiyawa, amma a ƙauyensu da ke kusa da kogi harshen Romaniya ake yi a gida. Makaranta da ofis da Sabiyanci, hira da uwa da Romaniyanci. Abokan aikinsa sukan tsokane shi da yaren ƙauye, shi ya sa sai ya koma bayan sito yake kiran gida.

Wata rana Petru ya tarar da Abdulghani a bayan siton nan yana waya da Hausa, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai ma harshe biyu gare ka?" in ji Petru da Larabcinsa mai ɗingishi, yana murmushi. "Ni ma haka. Wannan na uwarka ne?"

Abdulghani ya yi sauri ya kashe wayar. "Wane harshe? Kunnenka ne ba lafiya. Yalla, wuce!"

Tun daga ranar ya ƙudura sai an kori Baturen nan kafin ya buɗe baki.

Ana nan sai uwar Petru ta rasu. Aiki ya yi yawa, ba a ba shi izinin tafiya ba. A al'adarsu kuwa, in mutum ya mutu, ana ɗibar ruwa a kai gidajen mutane kyauta da sunan mamacin har a yi arba'in, ana ambaton sunansa da harshen da ya rayu da shi. Matasan ƙauyen duk sun tafi ci-rani, babu mai yi wa tsohuwar.

Ran wata Juma'a a Balad, lokacin ruwan famfo ya ɗauke a unguwar, Petru ya ga wata tsohuwa tana jan jarka a matattakalar wani tsohon gida. Hawa ɗaya, hutu ɗaya. Ya karɓa ya kai mata har sama. Da guntun Larabci da nuni da hannu ya roƙe ta ta yarda ya riƙa kawo mata ruwa kowace safiya saboda uwarsa.

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗan nan. Ruwa ai ba a mayar da shi."

Abdulghani ya lura da jarkokin da Petru ke lodawa da sassafe. Ya tambaya, shi kuma bawan Allah ya gaya masa gaskiya: wata tsohuwa ce a Balad. Ko sunan lungun Abdulghani bai tambaya ba, ya garzaya wajen maigida.

"Ya Shaikh, Baturen nan sihiri yake yi. Yana tofa wani yare a cikin ruwa yana kai wa matan unguwa. In hukuma ta ji, kai ne kafili, kai ka tsaya masa ya shigo ƙasar, kai za a fara kamawa."

Kun san maganar sihiri a ƙasar nan ba abin wasa ba ce. Ba kora kaɗai ke jiran Petru ba, har gidan yari.

Shaikh Othman ya ce, "Halas. Gobe mu bi shi in gani da idona."

Washegari suka ajiye mota a bakin Balad suka bi shi a ƙafa. Lungu na farko, Abdulghani na ta zuba. Lungu na biyu, ya rage murya. Da suka karya kwana wajen mai sayar da dafaffen waken ful, sai gumi ya fara keto masa, don ya san kowane dutse a bangon nan. Rabonsa da lungun har an yi azumi an yi salla.

Suka hau sama. Ga Inno a bakin ƙofa, zani ɗaure a ƙirji, ga Petru da jarka a kafaɗa.

Ta ɗaga kai. Fuskarta ta washe.

"Ubale! Kai ne? Yau ka tuna hanya?"

Shaikh Othman ya juya. "Ka san ta?"

Jama'a, a nan ne har yau zuciyata ke tashi. Mutumin nan ya dubi matar da ta goya shi tana sayar da gyaɗa a rana, ya ce da Larabci, "Wallahi ban san ta ba. Tsufa ne ya ruɗa ta."

Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga. "La ilaha illallahu! Ubale ɗan Inno? Ni na yi maka wankan farko, marar kunya!"

Inno ta kalle shi sama da ƙasa. Sannan ta juya ga Shaikh Othman, da Larabcinta na 'yan kasuwa wanda ya fi na ɗan nata tsabta.

"Bar shi, ya Shaikh, gaskiya ya faɗa. Ni ma ban san wannan ba. Wanda na haifa sunansa Ubale."

"To ruwan fa, hajiya? An ce ana yin tofi a ciki."

"Tofi? Sunan uwarsa yake faɗa. Da ruwan nake alwala, da shi nake girki. Tun da famfo ya ɗauke, in ba shi ba wa ya hau matattakalar nan?"

Ta dafa hannun Petru. "Yalla ɗana, zuba a randa. Kuma yau ka ɗaga murya, ba sata kake yi ba."

Petru ya karkata jarkar. A karon farko tun zuwansa Jidda ya yi harshen gidansu da ƙarfi a gaban mutane. Ba wanda ya gane komai sai kalma ɗaya, Ilinka, sunan uwarsa.

Shaikh Othman ya miƙa wa Abdulghani tafin hannu.

"Makullin mota. Wanda ya rantse bai san uwarsa ba, gobe zai rantse bai san ni ba."

Petru ya cika arba'in ɗinsa, kuma bai daina kai ruwan ba har kwantiraginsa ya ƙare. Wani daga cikin Sabiyawan da ke tsokanarsa ma ya riƙa kama masa jarka.

Shi kuwa gogan, duk inda na hango shi a Sharafiyya yana neman aiki, sai in laɓe bayan mota in ƙwala, "Ubaleee!" Har yau bai gane ni ne ba. Amma kullum sai ya waiwayo.

Darasi: Harshen da uwarka ta yi maka rarrashi da shi ba abin ɓoyo ba ne, ko mutanenku kaɗan ne a cikin masu yawa. Ranar da ka fara jin kunyarsa, uwar taka ce ta gaba da za ka ji kunyarta. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu ce mana "Esh?" alhali da tuwo aka yaye su.