Sunan Ɗan Farin Kulu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da bai bar wani zamani ba tare da bayinSa na gari ba, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni ɗaya ne daga ƙananan ɗaliban Shehinmu, al-alimul amilu, fakihi mai tsantseni, mai gudun duniya da ɗaukakarta, wanda zaurensa yake cikin garin Gusau, Allah Ya ƙara masa yarda da tsawon rai. Ba zan ambaci sunansa ba domin ya hana, shi kuwa in ya hana abu sau ɗaya ba ya maimaitawa. Malamai sun shaide shi a fiƙihu da tafsiri da nahawu, amma ni abin da ya fi cika mini ido game da shi sauraronsa ne, domin mutum zai zo ya yi ta zuba magana mara kai da gindi har mu ɗalibai mu fara mutsu-mutsu a kan tabarma, shi kuwa yana nan kansa a sunkuye kamar ana karanta masa babban littafi.

Abin da zan ba da labari a gidanmu ya faru, kuma da idona na gani. Ina da yaya mace, Kulu, tana aure a Bungudu gidan Malam Sahabi manomi. Ɗan farinta Ashiru saurayi ne mai fataucin hatsi tsakanin Tsafe da Gusau, a kan hanyar nan kuma Allah Ya karɓi ransa a haɗarin mota. A gidajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane, wannan ita ce kunyar da muka tarar. Kulu ta riƙe ta fiye da kowa, tun ranar suna har ya yi gemu ba wanda ya taɓa jin ta ce komai sai “yaron ga”. Da aka yi zaman makoki ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba, mata suna fitowa suna cewa Kulu akwai tawakkali, mu ma 'yan'uwanta har wani daɗi muke ji.

Da aka watse sai abu ya fara fitowa da kaɗan-kaɗan. Abinci ya ragu, barci ya ƙaurace mata, furar da take damawa ta sayarwa ta daina, daga nan magana ma ta ɗauke gaba ɗaya. Takan wuni tana kallon bango, wani lokaci kuma ta fice ba mayafi ta tsaya bakin titi tana bin motoci da ido har sai an janyo ta. Masu bayani kuwa ba su yi ƙaranci ba, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa ne, kowace tsohuwa ta zo da ƙullin turarenta, aka yi ta yi mata hayaƙi har bangon ɗakin ya yi baƙi, ita kuwa sai ƙara ramewa take. A ƙarshe dangin mijin suka yanke shawarar kai ta wurin wani mai magani a ƙauye, inda ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa a ɗaure su. Ba su gaya mini ba, ni ma abin da na taɓa faɗa wa Shehi bai wuce cewa yayata ba ta jin daɗi, a sa ta a addu'a.

Wata Laraba da hantsi muna tsakiyar darasi, Shehi, Allah Ya ƙara masa haske, ya tsaya a tsakiyar layi, ya rufe littafin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya dube ni ya ce, “Samo muna mota, Bungudu za mu.” Ban tambayi dalili ba, na fita na samo motar. Muna shan kwanar gidan muka tarar da wata mota a ƙofa ƙofofinta a buɗe, ga Kulu an lulluɓe ta ana riƙe da ita ana fitowa, ga ƙanin mijinta da igiya a hannu. Wallahi da na ga igiyar nan ni na fara dirowa daga mota, domin matar nan ita ta goya ni.

Shehi ya yi sallama a natse ya ce, “Ku maishe ta ciki. Ba ta yi ma kowa laihi ba.” Ba wanda ya iya musa masa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Kulu na zaune nesa kaɗan tare da 'yarta Hajara, mu kuma muna jiran a fara tofi, wasu har sun ja da baya don kada abin da zai fita ya faɗa kansu. Shehi bai nemi ruwa ba, bai nemi allo ba, ya zauna kawai har kajin gidan suka dawo suna kiwo kusa da mu. Can ya ce, “Kulu, yaron ga naki, mi as sunanai?”

Malam Sahabi ya yi wuf ya ce, “Ashiru, Allah gafarta Malam.”

“Ba kai nit tambaya ba,” in ji Shehi.

Uwar mijin ta ce, “Malam, ai ɗan hwari na, ba ta kama sunanai.”

Shehi ya ce, “Kunya ado ta, Inna, amma ba farilla ba ta. Ta daɗe tana ɗauke da sunan ga cikin cikinta, yanzu ya yi mata nauyi. Ku bari ta sauke.”

Muka ga Kulu ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa, sannan da wata murya da ta dushe saboda rashin amfani ta ce, “Ashiru.” Sai Shehi, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce, “Ran da yat tsaya bakin ƙohwa yac ce, Inna na tahi, kina damun hura ba ki amsa ba, kada ki ƙara hukunta kanki da shi. Ɗan hwari ya san shirun uwatai. Ya ji amsarki.”

Kulu ta ɗago a firgice ta ce, “Wa yag gaya maka? Ba kowa gidan ga rannan, daga ni sai shi!” Daga nan ta fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji ba, tana kiran sunan tana maimaitawa kamar mai biyan ramuwa, tana cewa ita ta bar shi ya tafi ba ko a dawo lafiya. Uwar mijin ta yunƙura za ta ce mata ta yi haƙuri, Shehi ya ɗaga hannu ta koma ta zauna. Malam Sahabi ya juya mana baya yana kuka, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Subhanallahi, ba mahalukin da ya san zancen bakin ƙofar nan, ni da na kawo Shehi ma a ranar na fara ji.

Da ta lafa, Shehi ya kira mijin ya ce gobe a kai ta asibiti a Gusau wurin likitan da ke duba ciwon damuwa, a riƙe maganin da za a ba ta ko da an ga sauƙi, kada a bar ta ita kaɗai, in ta ɗauko zancen ɗanta a zauna a saurara, kalmar hauka kuwa kada a ƙara furta ta a gidan. A hanyar komawa na kasa haƙuri na ce, “Allah gafarta Malam, bayan abin da mun ka gani, sai an je asibiti?” Ya ce, “Zuciya na ciwo awa ƙahwa. Mu yi addu'a, likita ya yi aikinai, mai warkarwa guda na.” Juma'ar da ta biyo baya kuma a wa'azinsa ya gargaɗi jama'a, ba tare da ya nuna gidan kowa ba, cewa mai makokin da ya yi shiru ƙwarai a leƙa shi bayan an watse, kada a tsaya ga yabon dauriyarsa.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, an sha watanni ana zuwa asibiti, wata rana a ci gaba wata rana a koma baya. Wani zuwa da suka yi Gusau ganin likita, Kulu ta ce a biya da ita ta gaida Shehi. Ta durƙusa daga bakin zaure, jikinta ya murmure, amma fuskarta da damuwa. Ta ce, “Malam, har yanzu in na tuna shi kuka nikai. Ke nan ban warke ba? Tsoro nike ji kada su ce abin ya dawo.”

Shehi ya ce, “Kina cin tuwo?”

“Ina ci.”

“Kina kwana?”

“Ina yi, Malam.”

Ya ce, “To wanga ba ciwo ba na, ɗa na kika rasa. Wanda ya fi mu duka, tsira da aminci su tabbata gare shi, idonai ya zubda hawaye ran da ɗanai ya rasu. Ki yi kukanki, ki ci tuwonki, ba mai ƙara ɗauko miki igiya ina raye.”

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya ba Shehinmu, fitilar zamaninsa, mai tausayin bayin Allah. Ya Ubangiji, Ka ƙara masa kusanci, Ka amfane mu da iliminsa da albarkarsa, Ka ji ƙan Ashiru, Ka sanyaya zuciyar uwarsa, duk gidan da ke da mai irin ciwonta kuma Ka ba su wanda zai zauna ya saurare shi. Amin.