Kujera Ɗaya a Kumbon Malama Barira

Ku matso kusa, ku gyara zama. Labarin yau ba a doron ƙasa ya faru ba, kuma in na kai ƙarshensa ku ne alƙalai.

An yi wata masaniyar taurari, Malama Barira, mutuniyar Gumel. Tun tana budurwa abu guda ya hana ta sukuni. Ta karanta cewa tarin taurarin da ke can ƙuryar sama kullum ƙara nisa suke da juna, gudunsu kuma ƙaruwa yake yi, kamar da hannun da ke tura su. Ba a ganin wannan ƙarfi, ba a taɓa shi, shi ya sa masana suke ce masa baƙin makamashi. A kan nemansa kanta ya yi furfura. Da aka gina tasha a sararin samaniya, can gaba da wata, aka kafa mata ƙaton madubin hangen nesa, sai aka ce ta zaɓi 'yan rakiya. Ta ɗauki ɗalibanta uku: Uwani, Sagiru da Ilu.

Suka zauna lafiya, suna auna hasken taurarin da ya yi doguwar tafiya kafin ya iso gare su. Ranar Juma'a Malama takan fito da kilishin da ta yi guzuri, ta yaga wa kowa ɗan kaɗan, su ci suna gardama a kan inda alƙibla take.

Rannan sai rana ta yi aman wuta. Ta feso abin da ake kira filasma, wani tururi da ya fi wuta zafi, mai ƙone na'ura ya ratsa jikin mutum.

Uwani ce mai lura da rana. Walƙiyar farko ta kashe na'urar da take dubawa da ita, ga shi dole a san ta inda tururin zai ɓullo, don a juya masa garkuwar tashar. Ta ɗauki ƙaramin madubi, ta tarar baƙin gilashinsa ya tsage, amma ta kafa ido. Malama ta daka mata tsawa, "Uwani, kau da idonki!" Ta ce, "Saura kaɗan, Malama." Ba ta ɗaga kai ba sai da ta faɗi inda za a juya. Aka juya, tururin ya daki garkuwa ya wuce. Da Uwani ta waiwayo, sai ta tambaya wa ya kashe fitila. Fitila kuwa tana kunne. Malama ta rungume ta.

Ba su gama wannan jimami ba sai zafi ya taso. Fukafukan da ke fitar da zafin tashar waje sun maƙale, ɗaki ya koma kamar tanda, numfashi ya fara gagara. Sagiru ne mai kula da injuna. Ya sa rigar fita, ya yi bismilla, ya fita cikin wannan sarari da ba iska ba ƙasa. Ƙarfen ya yi zafin da safar hannunsa ta soma narkewa. Malama tana jin nishinsa ta na'urar magana da ke jikin rigarsa, tana kiran sunansa, shi kuwa yana ja. Ya ɓamɓare fiffike na farko, ya rarrafa ya ɓamɓare na biyu, sanyi ya dawo. Da aka cire masa safar, Malama ta ga abin da ya rage na hannuwansa, ta juya baya don kada ya ga fuskarta.

Sun tsira daga wuta, amma rediyo, wadda suke magana da duniya da ita, ta ƙone, a duniya kuwa an riga an fara yi musu addu'ar mamata. Ilu ne mai kula da babban madubin. Ya ce in aka karkata shi ya tari hasken rana, za a iya haska duniya da shi, a ɗauke, a sake haskawa, har wani ya lura. Ya san zafin zai lalata madubin, aikin rayuwar Malama ya tafi ke nan. Ta ce masa, "Karkata shi, ɗana." Wurin juya madubin da hannu yana wani lungu da ɗumi ba ya kaiwa, iskarsa kuma 'yar kaɗan ce. Ilu ya shige can shi kaɗai, yana juyawa yana mayarwa, yana suma yana farfaɗowa, har aka hango wani ɗan haske daga duniya yana amsawa. Ya fito yana tarin jini, ƙirjinsa bai sake komawa daidai ba.

Saƙon da hasken ya kawo bai yi daɗi ba. Kumbon ceto zai zo, amma sai an gama haɗa shi, kuma babu mai tabbacin iskar tashar za ta kai lokacin. Suna da ƙaramin kumbon komawa gida mai tuƙa kansa, sai dai tururin ya taɓa shi, iskar da ta rage a cikinsa ta mutum ɗaya ce. In an sako shi, za a tare shi a hanya.

Su ukun suka haɗa baki suka ce Malama ta shiga, don ilimin da ke kanta. Ta girgiza kai. "Na tsufa, kuma ni na kawo ku nan. Ƙafata ba za ta taka kumbon nan ba."

Uwani ta ce a sa Sagiru, shi kaɗai tsohuwarsa ta haifa, kuma ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Sagiru ya ce a sa Ilu, ya baro amarya da ciki, ƙirjinsa kuma ba zai jure jira ba. Ilu, da ƙyar maganarsa ke fita, ya ce a sa Uwani, 'yarta ba ta daɗe da yaye ba, wataƙila ma likita ya ceto mata ido ɗaya in an yi sauri. Daga nan suka bar wa Malama zaɓi.

Ta dubi mai lalube, ta dubi mai naɗaɗɗun hannuwa, ta dubi mai tari. Ba don Uwani ba da tururin ya cinye su. Ba don Sagiru ba da zafi ya gasa su. Ba don Ilu ba da sun mutu ba wanda ya san suna raye. Ta buɗe ƙofar kumbon, hawaye na taruwa a idonta sun ƙi gangarowa, don a can ko hawaye ba ya zuba.

To, jama'a, kujera ɗaya ce. Wane ne a cikin ukun nan ya fi cancanta Malama Barira ta kira sunansa?